Hasumiyar Kofur Badung

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, 1953, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma abin ya fara, a bakin ƙofar sabon gidan kayan tarihi na garin Jos. A lokacin ne Kofur Badung ya fito yana kakkaɓe hularsa, ya waiwayi ginin ya ce, "To, wannan ne abin da aka dame mu da shi?"

Mutum biyu ke tare da shi. Akwai Ana, gwauruwa mai wankin kuza, wadda Kofur ya daɗe yana nema da aure. Akwai kuma yayanta Baba Bot, dattijon coci, wanda maganar aurenta ke hannunsa tun rasuwar iyayensu, kuma mutum ne da ba ya gaggawar buɗe hannu. Kofur ne ya gayyace su kallon, don a san shi wayayye ne.

"Ni dai na ga abin mamaki," in ji Baba Bot.

"Fasassun tukwane da kawunan yumɓu, Baba. Kakata ta zubar da waɗanda suka fi su a bayan ɗaki. Amma ban ga laifinku ba, tun da ba ku je Urushalima ba."

Shi ya je, wannan gaskiya ne. A lokacin yaƙi yana cikin sojojin da aka kai ƙasashen Gabas don lodi da haƙan rami, wata rana aka zuba su a mota aka kai su birnin. Suka shiga tsohuwar ganuwar nan da ake danganta ta da Sarki Dauda, ya leƙa wani ɗaki mai sanyi inda aka jera tsofaffin tuluna da dunƙulallun duwatsun yaƙi, ya hau hasumiya. Daga azahar zuwa la'asar ke nan. Daga can sama ya hangi birnin fari fat cikin rana, ya ji idonsa ya cika da ƙwalla bai san dalili ba, kuma wannan kaɗai ne bai taɓa gaya wa kowa ba. Sauran kuwa ya faɗa har ya ƙara. Yinin ya zama wata, watan ya zama shekara, har aka kai inda shi ake bar wa makullin ganuwar in mai gadi zai tafi cin abinci.

Baba Bot ya dogara sandarsa ya tsaya.

"Kofur, tun da ka dawo daga soja nake jin bakinka. Ka yi gonar dankali, birai suka girbe. Ka yi kiwon alade, aladen ya koma Bukuru da ƙafarsa. Nuna mini abu ɗaya da hannunka ya yi, ya tsaya tsaye, in zo in taɓa shi. Ran nan sai mu yi maganar Ana. Kafin nan ka rage zarya a gidana, kana ƙarar mini da gwate."

"Abu ɗaya kawai?" Kofur ya buɗe ƙirji. "Baba, Urushalima zan gina maka. Ganuwa, da hasumiya, da ɗakin tarihi na gaske, a bayan gidana. Domin Ana zan gina, nata ne, kowa ya shaida."

Wani mai sayar da rake da ke wurin ya ce ya shaida.

"Ni madafina ke yoyo," in ji Ana, "in ana rabon gini ne."

Washegari Kofur ya fito da igiya da turaku ya auna bayan gidansa. Gidan yana wata 'yar unguwa a gefen Titin Bauchi, danga ɗaya ta raba shi da Lamidi mai gyaran keke, Bayaraben Ogbomosho, da matarsa Iya Yemisi mai ƙosai. Filin bai wuce na shanyar wanki ba. Kofur ya duba ya ga ganuwa ba za ta shiga ba, ya ce a bar ta sai baɗi, a fara da hasumiya, ɗakin tarihi ya zauna a ƙasanta.

Maginan da ya tuntuɓa duk bakinsu ɗaya: ba a ginin ƙasa da damina, ya bari ruwa ya ɗauke. Kofur ya ce Sarki Dauda bai jira kaka ba, kuma ma hannunsa aka ce, ba nasu ba.

Sai maganar ƙasa. A bayan unguwar akwai wani tudu da kamfanin haƙar kuza ya tara, na ƙasar da ya wanke ya zubar shekara da shekaru. Da can ko akuya ba ta kula shi. Amma a shekarun nan Turawa sun soma sayen wani baƙin yashi mai suna kolambait, wanda da ake watsarwa tare da shara, sai tudun ya zama dukiya. Mata masu wanki suka yi masa ca da ƙorai, kamfani ya sa mai gadi da sanda, aka ce masa kada ya bar kowa ya yi wanki a wurin. Kofur ya san da wannan sama-sama, kamar yadda ya san ana daka daddawa. Harkar mata ce, bai taɓa riƙe ƙwarya ba. Shi dai ya ga ƙasa a tare, ba sai ya haƙa ba.

Ya sa kakinsa, ya maƙala lambobinsa, ya ɗauki kwanon sarki ya nufi tudun.

"Wanki za ka yi?" in ji mai gadi.

"Na yi maka kama da mace? Gini zan yi."

Mai gadi ya yi nazari. Ba a ce masa komai game da gini ba. Ya dubi lambobin, ya ƙame ya sara.

Haka Kofur ya shiga jido, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, mako bayan mako, har wuyansa ya soma shigewa cikin kafaɗu. Lamidi yana zaune kan benci yana liƙin taya, yana kallonsa yana wucewa.

"Oga Kofur, wannan ƙasa yashi ne fa. Ba ya kama."

"A Urushalima ma da yashi suka fara."

"Kai ka ga lokacin da suka fara?"

"Na ga wanda ya ga wurin da aka fara."

Tubalin farko da ya yi, da ya ɗaga shi sai ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ƙara kashin shanu. Ya ƙara ƙaiƙayin acca. Ya ga har yanzu da saura, sai ya gano jar ƙasa mai danƙo a gindin dangar da ke tsakaninsa da Lamidi, ya yi ta kwarfa yana haɗawa. Tubali ya kama. Danga kuwa ta saki, ta kwanta gaba ɗaya wata safiya, daidai lokacin da Lamidi ke tsugune a bayanta da bokiti da soso, kumfa har ido. Matan da ke layin sayen ƙosai suka juya baya, amma ba dukansu ba.

"Ba ka gama gidan kallo ba, ka buɗe?" in ji Lamidi daga bayan bokiti.

"Yi haƙuri, Baba Yemisi. Duk babban aiki sai ya taɓa maƙwabci."

"Taɓa ni da zane tukuna."

Gini ya tashi. Kullum da rana hadari ya haɗu, Kofur ya ruga ya lulluɓe kan bangon da bargon soja da tsofaffin buhuna, ya kewaye gindin da zana don kada feshi ya ci shi. Ruwa ya ci abin da zai ci, washegari ya mayar. Da bangon ya wuce kansa sai ya koma yi daga ciki. Yakan hau tsanin Lamidi ta waje, ya dira kan wani durom da ya ajiye a ciki tare da tulin laka. Wata Alhamis ya yi aiki da zuciya ɗaya yana waƙar fareti, bai ankara ba sai da bangon ya fi ƙarfin durom ɗin. Ya miƙa hannu bai kai ba. Ya sauko ya zaga, ya sake zagawa.

"Baba Yemisi. Kana kusa?"

"Wa ke magana? Annabi Dauda?"

"Ni ne. Zuro mini tsani ta sama."

"Fita ta ƙofa mana."

Lamidi ya taso ya zaga ginin.

"Oga Kofur, ina ƙofa?"

"Hasumiyar yaƙi ba a yi mata ƙofa da wuri. Dabara ce, saboda abokan gaba."

"To, dabara ya yi aiki. Ya kama mutum ɗaya."

Lamidi ya ce sai ya gama kekunan mutane. Iya Yemisi ta ji tausayi ta ƙunsa ƙosai a ganye ta wurga ta sama, ƙunshin ya faɗa cikin laka. Sai bayan la'asar Lamidi ya zo da diga ya fasa rami a gindin bangon, wanda mutum ba ya shiga sai da rarrafe. Kofur ya fito ta ciki, ya miƙe, ya dubi ramin ya ce daidai ke nan, can ma a sunkuye ake shiga, don tawali'u.

Kafin Agusta ya raba, hasumiya ta fi kowane rufin kwano a unguwar tsawo. Ya yi mata daɓe a sama da azara da laka, ya yi mata haƙora a baki irin na ganuwa, ya shafe ta da farar ƙasa. Ta ɗan karkata wajen gidan Lamidi. Kofur ya ce ta asalin ma haka take, sai wanda ya je ya sani.

Kayan tarihi ba su ba shi wuya ba. Ya jera su a ɗakin ƙasa kan akwatinsa na soja: gorar ruwan Kogin Urdun, dutsen da Dauda ya jefi Goliyat da shi, takalmin wani Bafarisiye ƙafa ɗaya, da muƙamuƙin jakin da Samson ya yi yaƙi da shi. Muƙamuƙin ne kawai ya kawo damuwa, don jakin bai daɗe da mutuwa ba, karnukan unguwa suka zama baƙin farko na gidan tarihin.

Sai kuma ga baƙi na biyu. Duk ruwan da ya wanke jikin hasumiyar ta kwatar Iya Yemisi yake bi, kuma bayan kowane ruwa sai a ga wani baƙin layi ya kwanta a ƙasan kwatar yana ƙyalli. Kofur yakan tsallake shi da takalmi. Matan da ke zuwa sayen ƙosai kuwa rabinsu masu wanki ne da mai gadi ya kora. Suka dubi layin, suka dubi hasumiya, suka dubi juna.

Wadda ta fara zuwa Obiageli ce, 'yar Ibo, mai 'ya'ya da yawa da murya mai taushi. Ta durƙusa har ƙasa.

"Oga, an ce ka ce a Urushalima masu ziyara suna ɗiban ƙasan wurin, don albarka."

"Haka ne, 'yata. Da idona na gani. Har kuka suke yi."

"To, mu da ba mu da hanyan zuwa..."

Kofur ya gyara tsayuwa. Ashe akwai masu fahimta a garin nan. "Ɗibi," ya ce. "Shiga bayan zana ki yi addu'arki a natse, ki ɗibi abin da zuciyarki ta ba ki."

Zuciyarta ta ba ta ƙwarya guda, cike.

Ba a taɓa ganin ibada ta kama matan unguwa kamar a makonnin nan ba. Kirista suka zo, Musulmi suka zo suka ce Baitul Muƙaddas ai tasu ce su ma, har waɗanda ba su taɓa taka coci ko masallaci ba suka zo. Kowace ta gaishe shi da ladabi, ta shige bayan zana, a ji ɗan ƙarar ƙarfe kamar na ƙaramar fartanya, ta fito tana nishi da kaya a ka. Ƙwarya ta koma tasa, tasa ta koma kwanon sarki.

"Albarka har kwanon sarki?" in ji wani mai wucewa.

"Wasu zunubinsu da yawa," in ji Kofur.

Lamidi ya buɗe baki zai yi magana, ya hangi Iya Yemisi ta fito daga bayan zanar cikin sabuwar atamfa, ya mayar da kansa kan taya.

Kofur bai leƙa bayan zanar ba, don bai dace namiji ya tsaya kan mata suna addu'a ba. Ban da haka ma ba ya zama. Kullum yana hanya, daga unguwar Terminus zuwa Bukuru, yana gayyatar jama'a bikin buɗewa. Abu ɗaya ke damunsa: duk matan duniya sun zo, Ana ba ta zo ba, a kan idonsa dai. Ya tare ta a hanyar rafi ya yi mata ƙorafi.

"Ana, ba ki zo kin ga hasumiyarki ba."

"Ina ganinta, Kofur. Na san ta ciki da waje."

"Ta yi miki?"

"Tun da nake ba a taɓa yi mini kyauta mai amfaninta ba."

Ran nan Kofur bai san da ƙafa ya koma gida ba.

Aka sa bikin ranar wata Lahadi a farkon Satumba, bayan an tashi daga coci. Rana ta fito tas. Zumuntar mata suka zo da waƙa, dattawa suka zo da kujerunsu, abokan Lamidi na masallaci suka tsaya a gefe da hannuwa a baya, Iya Yemisi ta kafa kaskonta a inda danga take a da. Kofur ya sha guga, lambobi na walƙiya, ga bigila da ya aro rataye a wuya. Matan unguwa suka tsaya can nesa, nesa fiye da yadda kallo ke bukata, kowace da ɗan ƙunshi a ƙarƙashin mayafi.

Baba Bot ya miƙa wa Ana sandarsa, ya durƙusa da ƙyar ya rarrafa ciki. Kofur ya bi shi, Lamidi ya cusa kai ta ƙofar.

"Wannan shi ne dutsen da Dauda ya jefi Goliyat da shi."

Baba Bot ya juya shi a tafin hannu. "Ya yi kama da na rafin Dilimi."

"Allah ɗaya ya yi su, Baba."

"Wannan gorar fa?"

"Ruwan Urdun. Da hannuna na ɗebo."

"Kawo in shafa wa gwiwata, tun da kai ka sa ni rarrafe." Ya cire murfin, ya kai hanci, ya daɗe. Gorar ta yi shekaru tana wani aikin kafin ta shiga tarihi, kuma gora ba ta mantuwa. "Kofur, Kogin Urdun da dawa ake dafa shi?"

"Nisa ne, Baba. Ruwa in ya yi doguwar tafiya yakan canja."

"Wannan takalmina ne," in ji Lamidi daga ƙofa.

"Na Bafarisiye ne."

"To, Bafarisiye ya bar ɗayan a ƙarƙashin gadona. Tun watan jiya ina nema."

Baba Bot ya toshe hanci ya wuce muƙamuƙin jaki bai tambaya ba. Ya rarrafo waje, ya karɓi sandarsa, ya ja da baya ya ɗaga kai ya dubi ginin tun daga haƙoransa har zuwa zana. Mutum ne mai tsauri, amma ba ya tauye gaskiya. Ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon, ya ɗan danna. Bango bai ce komai ba.

"Kayan cikin nan ƙarya ne," ya ce. "Amma abin da na ce shi ne ya tsaya in taɓa. Ya tsaya, na taɓa. Ka turo mutanenka ranar Asabar."

Zumuntar mata suka ɗauki guɗa. Da Kofur ya tsaya a nan, da labarin ya ƙare da shinkafa. Amma ya riga ya aro bigila.

"Sauran abu ɗaya," ya ce, ya jingina tsani.

Ana ta matso da sauri ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. "Kofur, bar hawan nan. Yaya ya taɓa, ya isa."

"Hasumiyar da ba a hau ba ai rumbu ce, Ana."

"To, bar ta a rumbun."

"Kada ki ji tsoro. Na hau wadda ta fi ta sau goma, ana harbi."

Ya hau. Matan unguwa suka ƙara ja da baya. Iya Yemisi ta sauke kaskonta daga wuta.

Daga sama Kofur ya ga Jos a wanke bayan ruwan jiya, rufin kwano na ƙyalli, duwatsu sun yi shuɗi, kududdufan haƙar kuza kamar an zubar da madubai. Ya tsaya yana kallo, har mutane suka zaci addu'a yake yi. Sannan ya tuna ana kallonsa.

"Jama'a," ya ce, yana nuni da bigila. "In da a can ne, nan wajen Naraguta, Dutsen Zaitun ke nan. Can wajen Bukuru, Baitalami. Wancan kududdufin, Tekun Gishiri, inda na yi iyo ban nitse ba. A daidai irin wurin nan na tsaya, Janar ɗin Ingila ya dafa kafaɗata ya ce, Badung, in ba don kai ba..."

Bai faɗi abin da zai faru in ba don shi ba. Ya kafa bigila a baki ya busa, wani sauti ya fito kamar an taka agwagwa. Sannan ya ƙame irin na soja, ya ɗaga ƙafar dama har gwiwa ta kai ƙugu, ya buga ta a kan daɓen da dukan ƙarfinsa.

Zanar ce ta fara faɗuwa. Jama'a suka ga gindin hasumiyar a fili: rami a jikin rami kamar gidan gafiya, ginin duka yana tsaye kan 'yan ƙafafu sirara, ta gabas kuwa wani kogo ne da ɗan maraƙi zai kwana a ciki. Hasumiyar ba ta faɗi irin faɗuwar gini ba. Zama ta yi, a hankali, kamar tsohuwa mai ciwon baya ta samu tabarma. Kofur ya yi ta saukowa tare da ita, hannunsa na kan goshi yana sarawa, har ƙasa ta kama shi zuwa ƙugu ta tsaya. Farar ƙura ta tashi ta sauka kan dattawa.

Ba wanda ya yi motsi. Sai Obiageli ta zaro ƙwarya daga ƙarƙashin mayafi, sauran mata suka zaro nasu, suka rugo gaba ɗaya.

"A hankali, 'yan'uwa, ban ji ciwo ba," in ji Kofur, ransa ya yi sanyi da ganin irin ƙaunar da ake yi masa. "Ku fara ta wajen ƙafar hagu."

"Oga, ɗaga hannu kaɗan," in ji Obiageli. Ya ɗaga. Ta kwashi ƙasar da ke ƙarƙashin hammatarsa ta wuce.

Ya bi ta da kallo. Ta tsuguna a bakin kwata, ta tari ruwa, ta shiga juya ƙwaryar tana zubar da laka, tana juyawa tana zubarwa, har baƙin yashi ya kwanta a gindin yana ƙyalli. Kofur ya dubi ƙwaryar. Ya dubi tudun kamfani can bayan unguwa, wanda gefensa guda ya rame. Ya shafa wuyansa.

"Wa ya haƙa na gabas ɗin nan?" Muryarsa ta fito ƙarama. "Babban. Ina so in san mai wannan addu'ar."

Matan suka daina juya ƙorai, suka dubi wuri ɗaya.

"Ni ce," in ji Ana. "Ka ce domina ka gina, nawa ne, kowa ya shaida. A gaban Yaya ka faɗa. Kayana na ɗiba." Ta juya wajen matan. "Ku kuma albarkar ta isa haka. Wadda ta cika ƙwarya ta tafi da ita, kada in ga ta dawo."

Baba Bot ya kakkaɓe farar ƙasa daga kafaɗarsa, ya sa hula.

"Na janye maganar Asabar. Abin da ya tsaya na ce, ba abin da ya jira na juya baya ba. Ana, mu tafi."

"Yi gaba, Yaya."

"Me kika ce?"

"Tun bara mai gadin can ke bi na da sanda, ko cikin cokali bai bar ni na ɗiba ba. Mutumin nan ya ɗauko gefen tudu a kansa ya kawo har cikin unguwa, mai gadin na sara masa. Marigayi mijina, Allah ya ji ƙansa, ko tulu bai taɓa ɗora mini a ka ba. Surutu kuwa, na lura in kwano na kansa ba ya iya yi sosai."

"Babu abin da ya gina da ya tsaya."

"Ni ba ginin zan aura ba. Ka tsare ni tun ina yarinya, na gode, amma yanzu har furfura na fara. Sa rana."

Dattawa suka shiga duban ƙasa. Baba Bot ya dubi ƙanwarsa, ya dubi rabin mutumin da ke tsire a kan tulin ƙasa da bigila a wuya. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya daɗe yana ɗauke da kaya.

"Bayan girbin acca," ya ce. "Da sharaɗin kada ya gina komai kafin nan. Ko akurki."

Kofur ya gyara lambobinsa, murya ta dawo masa.

"Baba, ai dama tsarin ke nan tun farko. Ita ma ta can sau nawa aka rushe ta? Ni da na riƙe makulli..."

"Kofur," in ji Ana, "adana ƙarfinka. Tudun bai ƙare ba, gobe da sassafe za ka koma. In mai gadi ya tambaya, gini za ka yi."

Hadarin yamma ya taso daga wajen Naraguta, aka fara yayyafi. Zumuntar mata suka ɗora littattafan waƙa a ka suka watse, dattawa suka ɗauki kujerunsu, Baba Bot ya bi su yana ɗingishi, masu ƙorai suka tafi suna waiwaye.

Waɗanda suka rage a wurin bayan ruwa ya sauko sosai su ne: Lamidi, yana tono da diga yana kiran Bafarisiye da sunayen da ba a rubutawa, Iya Yemisi a ƙarƙashin laima, tana gadin kwatarta, wani jan kare da ya kwanta yana jiran a tono masa rabonsa, Ana, tsugune da ƙwarya, ta fara wanki daga gefen tulin tana matsowa tsakiya a hankali, sai Kofur Badung a tsakiyar, ruwa na zuba daga bakin hularsa, yana jiran a iso wurinsa.